Warin Kujerun Ai-Na-Sani

Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ba ya zagi, ba ya hana cefane, in ya gan ka da kaya zai karɓa. Ciwonsa ɗaya ne tak: ba a taɓa gaya masa wani abu a duniyar nan ya ce yau ya fara ji ba. Ka ce masa ana ruwa a waje, zai ce, "Ai na sani." Ka ce masa bayan rigarsa ya kama da wuta, wallahi sai ya gama cewa "Ai na sani" kafin ya waiwaya. Shi ya sa duk layinmu babu mai kiransa da wani suna sai Ai-Na-Sani, kuma yana amsawa da fara'arsa, don shi a ganinsa yabo ne.

Gida ɗaya muke haya. Ni ina ƙasa, ɗaki ɗaya da ɗan shagon ɗinkina a jikinsa, shi da ƙanwar tawa, Auta, suna sama. A lokacin Auta tana da ƙaramin ciki, na fari, ga wani irin laulayi da ya mayar da hancinta ya fi na kare. In wani ya sha taba a bakin titi, tana daga kan gadonta za ta gaya maka.

Rannan da hantsi ina kan keken ɗinki sai na ji hon, na ji ihu. Na leƙa. Ga mota a ƙofar gida, ga 'yan dako suna sauke kujeru jajaye jawur masu sheƙi, doguwa ɗaya da ƙannenta, ga Ai-Na-Sani ya tsaya a tsakiyar titi yana ba da umarni da hannu biyu kamar mai ba motoci hannu.

"A hankali! Kai, a hankali! Ka san abin da ka ɗauka kuwa? Fata ce zalla! Fatar bijimin sa, daga ƙetare!"

Kafin ka ce me, layi ya cika. Mai aski ya baro wani da rabin kai a aske ya zo ya shafa bayan kujera ɗaya.

"Kai, santsi," in ji shi. "Sak ledar da nake yafa wa masu aski."

"Ina laifinka," in ji Ai-Na-Sani. "Hannun da ya saba da ƙeyar talakawa ina zai gane fata?"

Aka yi dariya, aka hau da kujeru sama, aka yage ledojin da aka naɗe su da su. To, nan fa aka ji abin da aka sayo. Wani wari ya tashi wanda ban san da me zan kwatanta shi ba, sai dai a ce an haɗa sabon silifas da gam da fetur an rufe su a tukunya ɗaya. Auta ta fito daga ɗakin kwana, ta ga kujeru, ta ce, "Kai, ma sha Allah," sannan ta toshe baki ta ruga banɗaki.

Kafin la'asar Auta ta sauko da matashin kai da jakar kayanta.

"Yaya, matsa min. Ba ni ba saman nan sai warin nan ya fita."

Gadona fa na mutum ɗaya ne, kuma Auta tun tana yarinya da ƙafa take barci. Amma ƙanwarka ce, ga ciki, za ka kore ta ne?

Ba a jima ba ya biyo ta, yana murmushin wanda ya yi abin kirki ba a gode masa ba.

"Haba Auta, wane wari? Ƙamshin sabunta ne. Masu kuɗi har turarensa suke saye."

"To ka je ka yi ta shaƙa, Allah Ya ba da sa'a."

Baba mai gidan hayarmu yana zaune a kan bencinsa a tsakar gida, yana jin komai. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya ce, "Yaro, abin ai ba shi da wuya. Buɗe tagoginka duka, ka goge su da ruwan sabulu, ka bar iska ta yi ta bugun su a inuwa. Haka na yi da ledar ɗakina. Ita roba haƙuri kawai take so."

Da Baba ya tsaya a "inuwa," da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma ya riga ya ce roba, kuma ya faɗe ta a gaban mai aski.

"Ai na sani, Baba," in ji Ai-Na-Sani, fuska ta ɗaure. "Amma wannan maganin roba ne. Nawa fata ne. Fata kuwa ba ta son iska, tsagewa take."

Ya hau sama ya rufe tagogin nan ruf, har ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ka ga, in ya buɗe taga, to ya yarda roba ya sayo. Daga ranar duk wata shawara da za ta yi aiki ta haramta a gare shi.

Ya fara da turare. Ya kwashe nasa, ya kwashe na Auta, ya sayo irin wanda ake fesawa a mota, ya juye wa kujeru. Washegari ya sauko yana taƙama.

"An gama. Zo ki ji."

Auta ta bi shi tana dafa bango. Ta kai tsakiyar matakala ta tsaya, ta juyo da gudu ta wuce ni ta nufi bokiti.

"To, yaya dai?" na tambaye ta bayan ta wanke baki.

"Warin yana nan daram. Wanka kawai ya yi ya shafa turare."

Sai albasa. Ban san wanda ya gaya masa albasa tana shanye wari ba, shi dai ya ce tun yana ƙarami ya sani. Ya shigo da rabin buhu, ya zauna a falon nan mai rufaffun tagogi ya yi ta yankawa yana jerawa a kan kujeru, a hannunsu, a ƙarƙashinsu, har cikin lungun da kuɗin mutum ke faɗawa. Ya kawo gawayi ya zuba a tsakani, wai shi ne zai kama abin da ya tsere wa albasa.

Da ya fito shan iska idanunsa sun kumbura sun yi ja, hawaye na zuba har gemu, ga baƙin gawayi ya yi masa layi-layi a kumatu. Ya zauna a kan matakala ya dafe kai. A daidai lokacin mai kitso, wadda ke ɗakin da ke kallon nasu, ta buɗe ƙofa ta gan shi. Ita kuwa mace ce da ba ta jira a gama mata labari. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Innalillahi! Jama'a ku fito! Auta ce? Yaushe? Jiya-jiya fa na gan ta!"

Mata suka fito da mayafai a hannu, wasu har sun fara kuka. Suka yo ɗakina don su yi min gaisuwa, suka tarar da mamaciyar zaune a bakin gado tana cin biredi.

"Lafiya?" in ji Auta.

Mai kitso ta dube ta, ta dubi sama, ta shaƙi iska. "To shi wancan me yake wa kuka?"

"Kujera," na ce.

Wannan karon Auta ko matakalar ba ta taka ba. Daga ƙasa ta ɗaga hanci ta ce a gaya masa an samu ci gaba, da wari ɗaya ne, yanzu sun zama uku kuma ba sa ga maciji da juna.

Mai hankali a nan zai tsaya. Shi kuwa ya kwana yana tunani, ya wayi gari da wata sabuwar hikima, ya zo har bakin shagona ya kawo min ita da ɗuminta.

"Yaya, na gano matsalar. Fata daga ina take?"

"Wacce? Taka ko ta Allah?"

"Daga jikin dabba take. Dabba kuwa da me fatarta ke rayuwa? Da kitse! Tun da aka raba fatar nan da mai ita ba ta ga maiƙo ba. Yunwa take ji, shi ne take wari."

Na ajiye almakashi na dube shi da kyau. "Don girman Allah ka buɗe taga."

"Ke dai ɗinki kika sani."

Ya tafi wurin mahauci a bakin layi. Mahauci ya ba ni labarin da bakinsa daga baya, yana yi yana share hawaye. Ya ce mutumin nan ya zo ya ce a tara masa duk kitsen da ke tebur.

"Na ce masa, biki za a yi? Ya ce a'a, kujeru zai ciyar. Na ce to in haɗa musu da hanta? Ya ce in bar wasa, wannan ilimi ne."

Ya narka kitsen nan a tukunyar Auta, sabuwa fil wadda ko sau ɗaya ba ta ɗora ba, ya sa tsumma ya bi kujerun nan lungu-lungu yana mulkawa. Ba a fi yini biyu ba ƙarni ya sauko matakala ya shiga kowane ɗaki. Ƙudaje suka fara zuwa, manya koraye masu ƙara kamar babur. Kiyashi suka ja layi tun daga bakin ƙofar gida har sama, ba su ko ratse ba. Magen mai aski, wadda ba ta taɓa barin shago ba, ta tare a ƙofarsa ta kira danginta. Karnukan layi kuwa suka mayar da shi ɗan'uwa, in ya fito za shi aiki sai su raka shi har tashar mota suna lasar ƙafar wandonsa.

"Dabba ta san fata ta gaske," in ji shi ga mai aski. "Ka taɓa ganin kare ya bi roba?"

"Ban taɓa ba," in ji mai aski. "Amma ka dawo min da magena."

Ni dai dariya nake, har ranar da na shigo ɗaki na tarar da Auta ta juya fuska bango tana kuka a hankali. Na zauna kusa da ita.

"Yaya, ni fa gidana nake so," ta ce. "Ni kujera na aura? Ko a tabarma ce zan zauna da shi. Jiya cikin nan ya motsa, na farko ke nan, na juya in gaya masa sai na ga ƙafarki."

Raina ya ɓaci, na fita in same shi in wanke shi tas. Na tarar da shi zaune a ƙasan matakala ya rame, ido ya faɗa, ga wata 'yar leda da lemo a ciki.

"Yaya, ta ci abinci kuwa? Ba ta wannan. Kar ki ce ni na kawo, kar ta ji warin hannuna."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duk a lokaci ɗaya. Na ce, "Kai dai girman kai rawanin tsiya ne. Matarka tana can tana kuka, kai kana nan kana kiwon kujera."

"Gobe za ta dawo. Na riga na tsara komai."

Ashe Baba mai gida ya riga ya same shi ya ce ko kujeru su fita daga falon nan ko su fita tare da mai su. Shi kuwa ya juya maganar ta zama tasa dabarar: masu aikin fata, in ji shi, a rana suke shanya ta, rana ce ke ƙone wari. Saboda haka za a hau da su can saman bene, inda muke shanya.

Ya roƙi mai aski da mahauci suka kama masa. Ka taɓa ɗaukar abin da aka shafe da kitse a matakala? Doguwar kujerar ta kai kusan ƙarshe ta suɓuce daga hannun mahauci, ta yo ƙasa, ta kwashi mai aski ta zaunar da shi a kanta, suka sauko tare har tsakar gida yana salati. Baba ya janye ƙafarsa kawai suka wuce.

"An iso lafiya?" in ji Baba.

Da ƙyar dai aka kai su. Ai-Na-Sani ya jera su a tsakiyar siminti, ya samo tsofaffin kwanon rufi ya kewaye su, wai don zafin ya taru wuri ɗaya kar ya watse a banza. Ranar kuwa an yi wata rana mai fasa dutse. Tun safe kujerun nan suke gasuwa. Shi kuma ya bi ɗaki-ɗaki, ya bi shago-shago, yana gayyata: da azahar kowa ya hau sama ya ga ƙarshen wari, ya kuma ga bambancin fata da roba, don a daina yi masa surutu a layi.

Wa zai ƙi? Har masu shagunan tsallake sun kulle sun zo. Na riƙo Auta muka hau, na tsayar da ita can gefen da iska ke fitowa, ta toshe hanci da gefen mayafi. Sai ga shi ya fito cikin fararen kaya, riga da wando, waɗanda ni na ɗinka masa da hannuna.

Kujerun suna ta ƙyalli, wani tururi-tururi yana tashi a kansu.

"Baba, bismillah, kai ne babba. Zauna ka buɗe mana."

Baba ya miƙa yatsa ya kusa taɓawa, ya janye. "A'a yaro, mai abu shi ke farawa."

Ya juya ya faɗa tsakiyar doguwar kujera, ya baje hannuwa a bayanta, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ga idonsa ya zaro, na ga wuyansa ya miƙe. Zafi ya ratsa shi har ƙashi, kowa ya gani. Amma ya tashi? Ina! Sai ma ya ƙara nutsewa ya soma jawabi.

"Jama'a, fata ta gaske alamominta a bayyane suke. Na farko, tana riƙe ɗumi."

"Mun ga alama," in ji mai kitso. "Ga gumi nan."

"Na biyu, tana karɓar jikin mai ita. Kun ga yadda ta rungume ni?"

"Na uku fa?" in ji mahauci.

"Na uku, na uku, ba ta... kai, ku dai bari in tashi in nuna muku ta baya."

Ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa da ƙarfi, kujerar ta ɗago ƙafafunta na baya ta biyo shi, sannan suka koma tare, tim. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙudaje.

"Hutawa nake," in ji shi.

"To huta," in ji mai aski.

Ya huta na ɗan lokaci, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ya ce da wata 'yar siririyar murya, "Ku ja ni. Don Allah ku ja ni, ina dahuwa."

Mahauci ya kama hannu ɗaya, mai aski ya kama ɗaya, maza biyu suka danne kujera. Aka ja, aka ja, sai ji muka yi ɓaaar! Ai-Na-Sani ya taso da jan rufin kujerar gaba ɗaya manne a bayansa, tun daga kafaɗa har ƙwauri, yana reto yana zare-zare kamar cingam. Inda ya tashi kuwa ga siffarsa nan sak, hannuwa a baje, an zana ta da farin yadi da soso.

Mahauci ya sunkuya ya leƙa ramin, ya tsinko soso ya ɗaga sama.

"Jama'a, tun ina yaro nake fiɗa. Wallahi ban taɓa cin karo da bijimin da aka yi wa shafi da yadi ba."

Saman benen nan ya kusa ruftawa don dariya. Mai kitso ta zauna a ƙasa tana bubbuga siminti. Baba ma, da ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni ce na sauka na ɗauko almakashi, aka yafa masa zanen gado daga igiyar shanya, na farke kayan da na ɗinka da hannuna na fitar da shi daga ciki.

Yana tsaye ƙudundune cikin zanen gado mai furanni, Auta ta ɗaga murya daga inda take.

"Kai! Fata ce ko roba?"

Ya dubi ƙasa. "Roba ce."

"Yaushe ka sani?"

"Tun a shago."

Da yamma masu kwashe shara suka tafi da kujerun, karnuka na bin motar a baya. Mu mata muka shiga falon nan muka wangale tagogi, muka wanke shi tun daga rufi har ƙasa, muka kwashe albasa da gawayi da gawar kiyashi. Bayan 'yan kwanaki Auta ta hau matakala tana shinshina kowane taki, ta shiga, ta tsaya a tsakiyar falon da babu komai a ciki, ta ja numfashi har ƙasan ciki. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ta fashe da dariya, hawaye na zubo mata. Ni ma sai da na share nawa.

Sai ga shi ya shigo da sallama, ya yi wanka ya sa sababbin kaya, ya buɗe hannuwa zai tarbi matarsa. Auta ta ɗago kai, hancinta ya motsa. Ta toshe baki ta ruga banɗaki.

Ashe kitsen nan da albasar da turaren da narkakkiyar robar duk sun shige jikinsa. Suna cikin gashinsa, suna ƙarƙashin farcensa, in ya yi gumi su suke fita. Mu ba ma ji sosai, amma ba hancinmu ake tambaya ba.

Yanzu haka a shagon mai aski yake kwana, a kan benci, shi da mage. Kullum da yamma in ya dawo aiki sai ya tsaya a tsallaken titi ya ɗaga kai, ita kuma ta leƙo ta taga ta zuro masa abinci a kwando da igiya, mai aski ya tsallaka ya miƙa masa. Jiya ina rufe shago na ji su.

"Cikin ya sake motsawa yau?" in ji shi.

"Har sau ba adadi. Da ganin ƙarfin halinsa kai ya biyo."

"Kina kewata kuwa?"

"Wallahi ina kewarka," in ji Auta. "Amma ɗan ƙara ja baya, iskar ta juyo."